Fuka-fukin Ɗan Dodo

Insifekta ya kai cokali baki ke nan Saje ta turo ƙofar ofishinsa ko sallama babu, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yallaɓai, an sace kwamfutar Injiniya."

"Wace injiniya? A garin nan duk wanda ya iya ɗaure ƙusa injiniya ne."

"Wadda ta ƙirƙiro Maƙeran Dutsen Wuta."

Ya dube ta, ya ga fuskarta kamar wadda aka yi wa rasuwa. Ya rufe kwanonsa, ya ɗauki hularsa.

A mota ta yi masa bayani. Wasa ne na waya. Kowane ɗan wasa yana da dutse, cikinsa akwai wasu gajerun aljanu masu haƙar zinariya. Da zinariyar ake sayen guduma, da gudumar ake ƙera takubba, da ribar takubban ake ciyar da wani ƙaton dodo mai gadin dutsen.

"Daɗin abin, yallaɓai, ko wayarka tana aljihu aljanun suna ta aiki. Ka dawo ka tarar da dukiya."

"Wato wasan da yake buga kansa."

"Haka ne."

"To ku mene ne aikinku?"

"Mu ra'ayi muke bayarwa. Muna da zaure a waya, kullum ana tafka muhawara." Ta ɗaga kai. "Kuma 'yar unguwarmu ce ta yi shi. Har mutanen da ba sa jin yarenmu suna bugawa."

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon tayoyi. Tebur biyu, fanka mai ƙara, bango cike da zanen aljanu masu gemu. Injiniya na tsaye a tsakiya, matashiya ce siririya, idanunta sun yi ja amma kanta a miƙe. Abokin aikinta Mai Zane ya raɓe a jikin taga yana cizon farce.

"Yaushe aka ɗauke ta?" in ji Insifekta.

"Jiya da rana, mun fita cin abinci. Na wuni ina tambayar maƙwabta, na zaci wasa wani yake yi mini."

"Me ke ciki?"

"Sabon kashin wasan. Ba ni da wani kwafi, faifan ajiyar ma yana jone a jikinta. Mako mai zuwa wani kamfani zai zo ya gani."

"Me ya bambanta sabon da tsohon?"

"Komai zai koma farko. Zinariyar kowa za ta ƙone, dodon ya mutu ya bar ƙwai. Wanda ya fi kowa da wanda ya shigo jiya za su tashi daidai."

"Mutanenki sun yarda?"

Ta yi ɗan murmushi. "Rabi na sa mini albarka, rabi na tsine mini."

Insifekta ya zagaya ɗakin hannunsa a baya. A kan tebur na biyu ga allon zane mai tsada, ga waya, ba a taɓa su ba. Ya durƙusa ya leƙa bayan kabad. Soket ɗin wayam.

"Ina cajar?"

"Da ita aka tafi."

"A kunne kika bar kwamfutar?"

"Dole. Gwaji nake yi. Wasan sai ya daɗe yana tafiya kafin in ga ko lissafin ya yi daidai. In ta mutu, sai an saka lambar sirri."

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ɓarawon kasuwa ba ya barin waya ya tsaya jan kabad don caja, balle ya mayar da kabad ɗin inda yake. Wannan ya san abin da ke tafiya a cikin na'urar, kuma ba ya so ta mutu.

Ya juya ga Mai Zane. "Wa ya fita ƙarshe?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Ka kulle?"

"Ƙwarai. Sau biyu na murɗa."

"Murɗa mini in gani."

Mai Zane ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya koma na dama. Gumi ya tsatsafo masa.

"Samari, ƙofar nan ba a ɓalle ta ba. Ina makullin?"

"Ya ɓata tun watan jiya," ya faɗa da ƙaramar murya. "Na ji kunyar gaya mata. In ni ne na ƙarshe, janyo ƙofar kawai nake yi."

Injiniya ta dafe kai.

"Wa ya san haka?"

"Masu hawowa kawo ra'ayi. Akwai biyu da kullum suna nan. Mai Aski, da Baba Mai Kemis."

Saje ta matso da wayarta. "Yallaɓai, ga abin da Mai Aski ya rubuta a zaure shekaranjiya." Ta karanta: "In yarinyar nan ta taɓa mini dodo, zan hau benen in fasa kwamfutar da hannuna. Na ma goge wasan, wasan ragwaye."

Sun tarar da Mai Aski yana wasa almakashi, ƙato mai faɗin murya.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, kuma ban janye ba. Wasan banza ne. Ka yi shekara kana tara abu, a ce za a ƙone?"

"Jiya da rana kana ina?"

"A nan, ina aski. Layi har waje."

"Maƙwabcinka mai gyaran takalmi ya ce shagonka a rufe yake."

Mai Aski ya buɗe baki zai yi musu, sai wata ƙara ta fito daga aljihun tebur: ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar guduma a kan maƙera. Saje ta juya baya tana danne dariya.

"Wasan da ka goge ne yake kiranka?"

Ƙaton ya zauna a kujerar askinsa. "Don Allah kada a kai zaure, mutuncina zai zube. Rufe shagon na yi na zauna a ciki ina bugawa. Mai shara ta gan ni ta taga, ku tambaye ta. Yallaɓai, wanda ba ya son abu ba ya zaginsa kullum."

"Me ya sa ka rufe shago a kan wasan da yake buga kansa?"

"So nake in kamo Baba Mai Kemis ne. Tun da aka fara wasan shi ne na ɗaya, ba a taɓa ture shi ba. Dodonsa bai taɓa kwana da yunwa ba." Ya juyo da wayar, idanunsa na ƙyalli. "Amma duba. Tun jiya bai leƙa dutsensa ba. Saura ƙiris in wuce shi."

Kemis ɗin tsaf yake, kwalabe a jere kamar sojoji. Mai shi dattijo ne mai furfura da tabarau, ya tarbe su da kujeru da ruwan sanyi.

"Na ji abin da ya faru. Yarinyar nan kamar 'yata take. Allah ya tona asirin wanda ya yi."

"Amin. Jiya da rana kana ina, Baba?"

"A nan. Ina zan je?"

"An ce ka bar dodonka da yunwa."

Dattijon ya gyara tabarau. "Jikin ne ba daɗi. Mura."

Insifekta ya dube shi. Hanci a bushe, murya garau, sai dai idanu sun kumbura irin na wanda ya daɗe yana kallon haske. Ya yi godiya, suka fito.

"Mu nemo takardar bincike, yallaɓai?" in ji Saje.

"Da wace hujja? Don mutum bai ciyar da dodo ba? Alƙali zai kore mu. Kuma in ya ji motsinmu, ya jefa ta a rijiya, shi ke nan." Ya juya gare ta. "Kin ce aikinku ra'ayi ne. Kira mini Injiniya."

A waya ya yi mata tambaya ɗaya: a sabon kashin, akwai abin da ba wanda ya sani sai ita da Mai Zane? Ta ce akwai. Ɗan dodon da zai fito daga ƙwan ba shi da fuka-fuki, sai wasan ya yi nisa suke tsirowa. Gwajin bai kai wurin ba aka sace kwamfutar, ita kanta ba ta taɓa ganinsu suna motsi ba.

"To ki sanar a zaure cewa gobe da hantsi kina neman manyan 'yan wasa. Ki ce za ki ji ra'ayinsu, ko ki sake gina sabon kashin ko ki haƙura."

Washegari ɗakin ya cika. Ga Mai Aski, ga wata malamar jinya da kayan aikinta, ga direban tasi, ga Mai Kemis a kujerar gaba, wadda kowa ya san tasa ce. Insifekta ya jingina da ƙofa yana saurare.

Malamar jinya ta ce a sake ginawa, ita ta gaji da zinariyar da ba ta san abin da za ta yi da ita ba. Direba ya ce wasan shi ne abokin jiransa a tasha, kada a taɓa masa aljanu. Mai Aski ya ce duk shirme ne, amma in za a yi a yi da sauri. Mai Kemis bai ce uffan ba.

Insifekta ya yi gyaran murya.

"Ni baƙo ne a cikinku, amma an ba ni labarin sabon kashin. In gaya muku gaskiya, ɓarawon nan taimakonku ya yi. Yarinya ta yi sa'a sau ɗaya, ta zaci ita gwana ce. A kashe muku ƙaton dodo a ba ku ƙadangare? Abin da ko tashi ba ya yi, yana jan ciki a ƙasa? Wannan ba fasaha ba ce, ƙarewar dabara ce."

Saje ta sunkuyar da kai. Insifekta ya ga jijiyar wuyan dattijon ta tashi, sai ya ƙara itace.

"Ki koma gyaran wayoyi, 'yata. Wasa sai mutanen waje."

"Ƙarya ne!"

Mai Kemis ya miƙe, tabaransa na rawa.

"Wa ya ce ba ya tashi? Kai me ka sani? Haƙuri ake yi! In ka ciyar da shi ya ƙoshi, fuka-fuki ne suke tsiro masa, kore shar, bakinsu ruwan zinariya. Ya buɗe su ya zagaya dutsen, aljanu duka su ajiye guduma su ɗaga kai. Mutanen wajen naka ba su taɓa yin irinsa ba!"

Ya tsaya yana haki. A hankali ya lura kowa shi yake kallo.

"Injiniya," in ji Insifekta, "wa kika gaya wa launin fuka-fukin?"

"Ba kowa." Ta juya ga dattijon. "Baba, suna ajiye gudumar? Ya yi aiki?"

Dattijon ya koma ya zauna. Ya cire tabaran ya riƙe a hannu.

"Ya yi aiki, 'yata."

"Ina kwamfutar?" in ji Insifekta.

"Tana ɗakin ajiyar magani, bayan kwalaye. A jone take, ban bari ta mutu ba." Ya dubi Insifekta. "Yallaɓai, 'ya'yana sun watse, matata ta rasu. A unguwa ni mai sayar da maganin tari ne. A dutsen nan kuwa ni ne na ɗaya, har yara na nuna ni a hanya. Sai aka ce za a ƙone komai. Na ɗauke ta ne in goge abin da ke ciki. Na ce bari in leƙa tukuna in ga abin da za a musanya ni da shi. Tun da na leƙa ban iya tashi ba. Na kai hannu zan goge ya fi a ƙirga, hannun ya ƙi."

"Ka san aikin shekararta ka ɗauka?"

"Na sani. Ba ni da bakin magana."

Saje ta tafi da kurtu, ba a jima ba suka dawo da kwamfutar a buɗe, an tallafo ta kamar jaririya. Aka ajiye a tebur, mutane suka yi caa a kanta. Ga ɗan dodon yana shawagi a saman dutsen, kore shar, aljanu sun ɗaga gemu suna kallo. Mai Aski ya rufe baki da tafin hannu. Mai Zane ya share ido da gefen riga.

Injiniya ta tsaya ƙiƙam tana kallon aikin hannunta. Insifekta ya matsa kusa da ita.

"Maganganun da na faɗa ɗazu, tarko ne. Ki yafe ni. Na yi shekaru ina shiga ɗakunan da aka lalata abu. Yau na shiga wanda aka gina."

"Na gane, yallaɓai. Na gode."

Kurtu ya ciro ankwa. Insifekta ya girgiza kai, ya kama hannun dattijon da kansa. Suka sauka matakala a hankali, mutane na buɗa musu hanya. A bakin mota Mai Kemis ya waiwayo. Injiniya na tsaye a saman bene.

"'Yata, gudumar farko ta yi tsada, sababbin shiga za su gudu. Ki rage."

"Zan duba, Baba."

"Kuma ki sanar a zaure cewa ni na fara ganinsa ya tashi."

"Ba zan sanar ba," ta ce. "Amma gaskiya ce."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya gyara zaman tabaransa, ya shiga motar ƙirjinsa a gaba. Insifekta ya rufe ƙofar.