Auta da Mai Gwajin Gem

Karo na uku ke nan a makon da Auta ta dawo da farantin Yaya kamar yadda ta kai shi. Ta ajiye a kicin ta rufe. Umma ta dubi farantin ta gefen ido, ta ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke.

Ɗakin Yaya shi ne na ƙarshen baranda, kuma shekara biyu da rabi ke nan rabon da ya fito falo. Da can karatun likita yake yi, saboda Abba ne ya zaɓar masa. A shekara ta uku ya faɗi jarrabawa, ya ɓoye wa kowa, ya nutse cikin wani gem na intanet wanda mutum ke shiga rigar jarumi ya yi ta yawo da yaƙi tare da wasu 'yan wasa. Ranar da asiri ya tonu, Abba ya fito da kwamfutar tsakar gida ya farfasa ta da guduma, maƙwabta na leƙe ta katanga, ya ce masa mara amfani. Yaya bai yi gardama ba. Ya shiga ɗaki, ya rataya bargo a taga, shi ke nan. Duk lokacin da Auta ta shiga, a bakin gado take samunsa cikin duhu, yatsunsa na motsi a kan gwiwarsa kamar yana danna wani abu da babu shi.

Tun daga ranar ba wanda ya sake furta kalmar gem a gidan.

Shi ya sa Auta ta yi wata takwas tana ɓoye sana'ar saurayinta Dogo. A shagon buga takardu inda take aiki suka haɗu. Ya kawo aiki, ta gyara masa kuskure biyu a rubutun, ya ce tunda haka ne sai ta riƙa gyara masa rayuwa ma gaba ɗaya. Mutum ne mai sanyin magana, da gemu ɗan kaɗan, da tsawon da sai ya sunkuya a ƙofar shagon. Aikinsa a wani ƙaramin kamfani yake, inda ake gwada sababbin gem a rubuta wa mutane wanne ya cancanci a buga, wanne ɓata lokaci ne. Auta ta roƙe shi idan ya zo gaida Abba ya ce aikin kwamfuta yake yi kawai. Ya ƙi. Ya ce ba zai shiga gidansu da ƙarya a baki ba.

Ya zo da la'asar. Gwaggo, yayar Abba, tana zaune a kujerar kusa da fanka. An gaisa, an tambayi iyaye da dangi, sannan Abba ya tambayi sana'a. Dogo ya faɗa dalla-dalla.

Auta na laɓe bayan labule tana saurare.

"Ga gemu ga gem," in ji Gwaggo. "Ƙato da kai, wasan yara ne abincinka?"

Ba wanda ya yi dariya. Abba ya ɗaga hannu ya nuna ƙarshen baranda.

"Ka ga ƙofar can? Na riga na ba wa wannan abin ɗa guda. Ba zan ƙara masa da 'ya ba. Ko ka bar aikin, ko ka bar min yarinya."

Dogo ya fara cewa ba duka suke ɗaya ba, amma Abba ya riga ya miƙe.

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma ba ta saɓa wa mahaifinta ba. Ta ce wa Dogo ya daina zuwa shago, ya daina. Gwaggo kuwa ta tare a gidan da sunan taya Umma aiki, kullum tana bin Auta da magana ƙasa-ƙasa. Ta ce yau farantin yayanta take kaiwa bakin ƙofa, gobe na mijinta za ta kai. Ta ce irin waɗannan da fara'a suke farawa, sai an rufe ƙofa ake ganin ainihinsu. Da farko Auta tana toshe kunne. Daga baya ta tuna yadda Dogo ke ɗan buga yatsu a kan kantar shagon idan yana jiran aiki, sai gabanta ya faɗi.

Da izinin Umma ta kira shi sau ɗaya. Ta tambaye shi ko shi ma gem ya taɓa rufe shi a ɗaki. Ta so ya ce a'a. Sai ya ce ya taɓa, lokacin yana makaranta, har ya kusa rasa shekara guda, wani abokinsa ne ya dinga zuwa yana fito da shi da ƙarfin tsiya. Ya ce shi ya sa yake wannan aikin, kuma ba zai ce ya bari alhali bai bari ba, amma zai jira ko shekara nawa ne. Ta kashe wayar tsoronta ya fi na da.

A cikin makonnin nan jikin Yaya ya ƙara taɓarɓarewa. Ya daina karɓar ko da shayi. Idan aka wuce ta bakin ƙofar sai a ji yana magana shi kaɗai, muryar a shaƙe, magana ɗaya yake maimaitawa: suna jirana. Umma ta daina fita unguwa. Abba ya koma wucewa ta barandar da sauri, kansa a ƙasa.

Wata ranar da azahar maganar ta tsaya. Auta ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta kira shi, shiru. Abba ya zo ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Wani ɗumi mai wari ya bugo su. Yaya na kwance a ƙasa tsakanin gado da bango, leɓɓansa sun tsage, hannunsa kamar sanda.

A asibiti aka sa masa ruwa. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce yunwa ce ta kayar da shi, amma ainihin ciwon damuwa ce a zuciya, kuma ya daɗe. Ta tambayi Abba me ɗansa yake so a duniya. Abba ya buɗe baki, ya rufe. A kan gado Yaya ya juya kai, idonsa a rufe, ya ce suna jiransa a bakin gada.

Washegari da safe Abba ya ce wa Auta ta sa mayafi ta kai shi wajen aikin yaron nan. Fuskarsa irin ta ranar guduma ce. Ta bi shi suka shiga mota.

Ofishin yana hawa na biyu, saman wani shagon fenti. Tebur shida, allunan kwamfuta ko'ina, wayoyi sun nannaɗe a ƙasa. Samarin da ke ciki suka cire na'urar sauraro daga kunne ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya taso da sauri ya durƙusa. Abba bai amsa gaisuwar ba.

"Su wa ke jiran ɗana a bakin gada?"

Dogo ya tambayi sunan gem ɗin. Auta ta faɗa. Nan take fuskarsa ta sauya. Ya jawo wa Abba kujera, Abba ya ƙi zama, sai shi ma ya tsaya yana bayani a tsaye.

Ya ce akwai gem na wasa ƙwaƙwalwa, kamar kacici-kacici, ka warware ka ajiye ka kama harkarka, waɗannan yakan ce a buga. Akwai na dabara, inda za a ba ka gari ka gina, ka raba ruwa da hatsi, ka tsare iyaka. Suna koya wa mutum hangen gaba, amma suna cin lokaci kamar gara, sai wanda ya iya sa wa kansa iyaka. Sannan akwai irin wanda mutum ke zama jarumi a cikin labari. Cikinsu akwai masu kyau, masu farko da ƙarshe, ka gama ka ji kamar ka karanta littafi. Amma wanda Yaya ya faɗa cikinsa ba shi da ƙarshe. An gina shi ne yadda idan ka yi kwana ɗaya ba ka shiga ba, abokan tafiyarka ne za su yi asara, sai kunya ta dawo da kai ko ba ka so. Ya buɗo rubutun da ya taɓa yi a kansa. Kan maganar da manyan baƙaƙe: kada ku fara.

Sannan ya tambayi laƙabin da Yaya ke amfani da shi. Auta ta tuna, don ta sha gani a allonsa. Dogo ya nema a dandalin 'yan wasan.

"Abba, ɗanka shugaba ne a nan. Mutum arba'in ke ƙarƙashinsa. Ranar da ya ɓace sun shirya haɗuwa a wata gada, shi zai ja su."

Saƙonni ne jere, wasu na shekara biyu, wasu na watan jiya. Dogo ya karanta kaɗan. Wani na tambaya ko lafiya. Wani ya ce tunda shugaba ya tafi ba a sake raba faɗa da adalci ba. Wani ya rubuta cewa shugaba ne ya hana shi barin makaranta, yanzu ya gama, yana so ya yi godiya.

A nan Abba ya nemi kujerar. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"A can shugaba ne," ya ce a hankali. "A gidana kuma na ce masa mara amfani, a gaban mutane."

Dogo ya ce, "Ban wanke gem ɗin ba, Abba. Tarko ne, kuma da an bar shi a ciki zai cinye shi. Amma akwai abin da ya kore shi ya faɗa ciki."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba sai ranar.

Da yardar likita, Dogo ya fara zuwa da yamma bayan an sallamo Yaya. Abu na farko, ya taimaka masa ya rubuta wa mutanensa saƙon bankwana, ya ce su daina jira. Yaya ya yi kuka sosai, amma ranar ya ci rabin faranti. Daga baya Dogo ya kawo wani ɗan gem na wasa ƙwaƙwalwa wanda ba ya buguwa sai da mutum biyu suna magana da juna, minti talatin a rufe. Yaya ya fara da ɗaga kai da girgiza kai, har ya kai ga cewa hagu, dama, tsaya.

Ba a tafi a miƙe ba. A wata na biyu Dogo ya fita alwala ya bar wayarsa, Yaya ya ɗauke ta ya danna sakata, yana neman tsohon gem ɗin. Gwaggo ta tsaya a baranda tana tafa hannu, ta ce dama ta faɗa, an kawo mai cuta ya yi magani. Umma ta fashe da kuka. Auta ta dubi Abba, ta san idan ya sake ɗaga murya komai ya ƙare, da yayanta da aurenta.

Abba ya taka har bakin ƙofar. Ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Ya kira ɗansa da sunan da yake kiransa tun yana goye, ya ce karatun likita burinsa ne shi, ba na yaron ba, ya ce kalmar da ya faɗa ƙarya ce, ya nemi gafara. Ya fi awa guda a zaune a wurin. Da sakatar ta motsa, Yaya ya miƙo wayar da kansa.

Bayan nan ne Abba ya ce a nuna masa gem ɗin gina garin, ya ga abin da ake ta magana a kai. Cikin minti ashirin ya gina fada da katanga mai tsawo, ya manta da rijiya, mutanen garin suka watse saboda ƙishirwa. Yaya da ke gefe ya kasa daurewa, dariya ta ƙwace masa, ya matso ya ce Abba ai ruwa ake fara nema. Umma ta fito daga kicin da gudu, hannu duk kumfa, don ta tabbatar muryar wa ta ji.

Duk da haka Abba bai yi gaggawa ba. Wata bakwai yana lura da Dogo, yana ganin yadda yake ajiye komai idan lokacin salla ya yi, da yadda yake rufe allo idan ana magana da shi. Auta ba ta matsa ba, ba ta kuma yi fushi ba. Wata safiya Abba ya kira ta falo ya ce ta gaya wa yaron nan ya turo manyansa, kuma ya riƙe aikinsa, tunda wani ya kamata ya riƙa gaya wa iyaye gaskiyar abin da ke hannun 'ya'yansu. Gwaggo ta ce ita dai har yanzu ba ta ga abin so a wasan yara ba, amma ita ta fi kowa kai-kawo a hidimar auren.

Yaya bai koma karatun likita ba. Wani kamfanin sufuri ne ya ɗauke shi yana tsara wa direbobi hanya da lokaci, kuma har yau yana ganin likitarsa duk wata.

Masu tambaya ko gem ya cancanci a buga, amsar ta danganta ne da wanne, da tsawon lokacin, da kuma abin da mutum ya baro a bayansa ya zauna gaban allo. Wanda ka iya ajiyewa idan an kira ka, wasa ne. Wanda ba ya barinka ka amsa, ka guje shi. Iyaye kuma, kafin a fasa abin da ke hannun yaro, a zauna a tambaye shi me yake samu a ciki wanda ya rasa a gida. Auta ta yi haƙuri, Dogo ya riƙe gaskiya ko da ta kusa raba shi da wadda yake so, kuma Allah bai bar su sun taɓe ba.