Na'ana'a a Lambun Suruka

Ƙawata Opal, matso kusa, labarin 'yata Darlene zan ba ki.

Da ta auri Wendell, a gidan mahaifiyarsa Misis Pruitt ta tare, nan bayan cocinmu. Na ciro mata na'ana'a daga bayan kicin ɗina, na ce ta bar ta cikin tukunya. Yarinta ta sa ta dasa a ƙasa, kusa da furannin da marigayi Harold, mijin tsohuwar, ya shuka. Kin san na'ana'a – ta ƙarƙashi saiwarta ke bi. Kafin shekara biyu ta shaƙe furannin nan kaf.

"Mama, sori, ban sani ba," in ji Darlene tana kuka a gaban surukarta.

"Ni ba mamarki ba ce. Kin shigo kamar ciyawarki, kin mallake ɗana, kin cinye abin da Harold ya bar min. Wendell, ko ita ko ni!"

Wendell ya sunkuyar da kai. Daga ranar ya koma kwana kan kujerar falo.

Darlene ta zo min da akwatinta. Na ce, "Koma, 'yata. Ki tuge na'ana'ar, amma kar ki zubar."

Ta koma ta tuge har yatsunta suka fashe. Ta ɗaure ƙulli-ƙulli ta rataye a inuwa, don rana na kashe ƙamshin. Busasshiyar ta cusa a kwalabe, saura ta ɗinke cikin 'yan jakunkuna ta sa a kabad saboda ɓeraye. Tsohuwa na tsinta tana jefawa a shara.

Da ƙanƙara ta sauko, ciwon ciki ya kwantar da Misis Pruitt, irin wanda ba a tashi. Komai ta ci sai ya dawo, shayin na'ana'a kaɗai ke zama. Darlene ke dafawa, Wendell ke kaiwa, bai taɓa faɗin mai dafawar ba.

Ran nan tsohuwa ta ce, "Kai sakarai, hancina bai mutu ba, na san na'ana'ar wa nake sha. Kira min matarka."

Ta riƙe hannun Darlene. "Duk kin tuge?"

"Duk, Mama."

"Haka kike gani. Za ta fito, ki bar ta. Kai kuma, koma ɗakinka."

Ba ta ga fitowar ba. Mun binne ta kafin ƙanƙara ta narke. Na'ana'a kuwa ta tsiro har gindin shinge, Wendell ke ba ta ruwa.

Haƙuri ne ya riƙe auren nan, Opal, Ubangiji ya ga fasassun yatsun yarinyar. Sai dai kar ki gaya wa kowa, ko a coci. Har yau Wendell na jin kunyar kujerar nan.