Shaida Daga Bayan Shinge

Ni ba laɓe nake yi ba, kazata ce ta shiga shingen Avis, shi ya sa na ji komai.

"Ba zan iya ba, Osban!"

"Haba hasken idona... sai yaushe?"

Avis bazawara ce, mai gasa burodi a ƙauyenmu na Ingila. Osban kuwa mai rera labarai ne ranar kasuwa, irin na jarumai da matan da ba sa ɗaga murya. Yo ina ya taɓa ganinsu?

"Ka san al'ada," in ji Avis. "Ran da na sake aure, gonar marigayi ta koma hannun ƙaninsa Hamo. Shi ko ruwa ba zai ba uwarsa ba. Da me zan ciyar da Inna?"

"Ina da hannuwa."

"Na kaɗa molo? Matan cikin waƙarka ne kaɗai ke ƙoshi da haƙuri!"

Wallahi saura kaɗan dariya ta tona ni.

"To koya min kwaɓa ƙullu," ya ce a hankali. "Zan kwaɓa, in ɗebo itace, in hura wuta. Maza su yi ta dariya..."

Hawaye suka zubo mata.

Sai ga sandar Inna Idoni, surukarta makauniya, ƙwas, ƙwas.

"Ke Avis! Ni kika mayar turken ɗaure kanki?"

"Inna, gonar..."

"Hamo ya ci gonar har da tsutsotsinta! Ni ina cikin kayan amarya, inda kika je nan na nufa. Kai mai molo, ka ɗauka da ni?"

"Da ke da sandarki, Inna."

Ta lalubo hannuwansu ta haɗa. A wajenmu ba sai an jira limamin coci ba. In ya ce ya karɓe ta, ta ce ta karɓe shi, aure ya ɗauru. Shaidu biyu kawai ake so saboda masu musu irin Hamo.

"Saura shaida ɗaya, Inna," Avis ta ce, tana share ido.

Tsohuwar ta juya sandarta daidai inda nake tsugune.

"Sibil! Fito, tun ɗazu nake jin warin albasarki."

Na fito da kaza a hammata. Suka furta sun karɓi juna, na ji da kunnena.

"Amma ki riƙe bakinki sai Lahadi," in ji Avis.

Na yi ƙoƙari fa. Har bakin rijiya na kai kafin zancen ya suɓuce mini.