Matar Husam a Ganuwar Ƙaitbay

"Sau nawa ya kai ki can?"

Rawan ta ajiye butar shayi, ta dubi mijinta. Tun jiya da suka baro Iskandariya Harun bai ce mata uffan ba. Sai yanzu, da hantsi, a ɗan ɗakinsu na unguwar Madinat Nasr a Alƙahira.

"Wa fa, habibi?"

"Kar ki ce min habibi! Husam nake nufi."

Wata biyu da aurensu. Sai da ya yi shekara yana lallashin Innarsa a Zariya kafin ta yarda ya auri bazawara, Bahaushiyar Sudan. Ya ɗauke ta daga Alƙahira don ya nuna mata teku, sai ga shi ita ke nuna masa hanya. Ta san kowace matakala a ganuwar Ƙaitbay, tsohon ginin tsaro da ke bakin tekun Iskandariya, ta san tagar da iska ta fi kaɗawa. Da suka fito, wata tsohuwa mai gasa masara ta rungume ta tana kiran, "Matar Husam!"

Sunan marigayi mijinta ke nan.

"Ni na zaci ni ne na farko," in ji Harun. "Ashe sawun wani nake bi. Duk inda na tsaya, ya riga ni tsayawa!"

"Bai taɓa kai ni ba."

"Rawan, kar ki…"

"Wallahi bai taɓa ba." Ta zauna a bakin katifa. "Ka san ya rasu, ba ka taɓa tambayata yadda ya rasu ba. Daga gaɓar can ya hau kwalekwale zai tafi Turai. Duk wata nake hawa jirgin ƙasa ni kaɗai, in tsaya a tagar nan ina kallon ruwa. A nan mai masarar ta san ni, a bakina ta ji sunansa. Shekara biyu, har abokin tafiyarsa ya dawo ya ce a gabansa ya nutse."

Harun ya matso kusa da ita.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba? Da mun je wani wuri…"

"Na ga kana ta murna." Hawaye suka gangaro mata. "Kuma jiya har dariya na yi a can, Harun. Ban san zan iya ba."

Ya durƙusa a gabanta, ya kama hannayenta biyu. Kishin bai tafi duka ba, yana jin sauransa a ƙirji, amma kunya ta danne shi.

"Ki yafe min. Ranar Juma'a zan sa a yi masa addu'a a halƙar karatunmu ta unguwar Darrasa. Yaya sunan mahaifinsa?"

Ta damƙe hannayensa.

"Ya'ƙub," ta ce a hankali.