Gwangwanaye a Rumbun Gero

Da hantsi Ɗantsoho ya ɗaga murfin rumbunsa a Mai'adua, ya tarar gero na nan, gwangwanayen fim babu.

Shi ne mai haska fim a wata silima a Daura kafin Shari'a ta rufe ta. Abin da ya tsira da shi wani tsohon fim ɗin 'yan fashi ne na Faransa, baƙi da fari, wanda ko a lokacin 'yan kallo ficewa suke yi. Ya binne shi cikin gero don ya samu sanyi. Kwatsam wani Bature mai tara tsofaffin finafinai ya aiko daga Damagaram: duk duniya babu sauran kwafi sai wannan, yana so ya saya.

Kafin ɗan sanda Saja Zailani ya iso, an ɗaure Zakiyyu, ɗan acaɓan da ya kawo saƙon, an fasa masa baki.

"Alƙali ya cire hannun kawai," in ji Ɗantsoho.

Zailani ya leƙa rumbun. Wani tsami ya buge shi.

"Warin me ne wannan?"

"Fim ne in ya tsufa. Har geron ya kama. Ni kaɗai nake iya cinsa."

Zailani ya juya. "Zakiyyu, ina rumbunka?"

"Ranka ya daɗe, ko gona ba ni da ita."

Ɗayan da ya san zancen, Linus mai kayan gyara da ya yi tafintan saƙon, yana Onica tun makon jiya. Saja ya bar su, ya zaga kasuwa yana ɗanɗana fura, yana neman tsamin nan. A gaban ƙwaryar wata mai fura, Maiturare, ya tsaya, babu mai saye ko ɗaya.

"Yaushe furarki ta lalace?"

"Shekaranjiya, wallahi. Geron maigida ne."

Maigidan nata shi ne Abdulmuhaimin, ƙanen Ɗantsoho uwa ɗaya uba ɗaya. A rumbunsa aka tono gwangwanayen.

"Baƙo a ɗaki zai ɓoye," in ji Zailani. "Wanda ya san gero ake sa wa, ɗan gida ne. Ya manta matarsa a nan take ɗiba."

Aka buɗe gwangwani. Fim ya narke ya manne kamar ɗanko, tun shekarun baya.

"Yaya, ka yafe, ka ga ba komai a ciki," in ji Abdulmuhaimin.

Zailani ya dubi tsohon. "Baba, jininka ne. A bar maganar?"

Ɗantsoho ya kwance igiyar hannun Zakiyyu da kansa, bai ko dube shi ba. Ya miƙa wa Saja ita, ya nuna ƙanensa.

"Kada ta huce. Ɗaure shi."