Kullutu a Ƙarƙashin Rigar Amarya

A kicin ɗin Mama Verlene, can garin Natchez, ake gwada wa 'yarta Lenora rigar aure. Litinin ce, don tukunyar jan wake na kan wuta, a can kuwa ran Litinin ake dafa shi. Watan ne dai ya kwanta mini, tsufa ya cinye shi.

Anti Odessa, ƙanwar Mama kuma telar gidan, tana ɗame rigar wajen ƙirji sai hannunta ya tsaya cak.

"Ɗaga hannu, 'yar nan. Wannan kullutun fa, tun yaushe?"

"Sati uku," in ji Lenora. "Ba ya zafi, Anti."

"Ai marar zafin nake tsoro!"

Mama ta yar da ludayi. "Odessa, rufe mini baki! A gidan nan ba a kiran cuta da sunanta, wanda ya kira ta shi take amsa wa. Saura wata huɗu biki. A ɗaura aure tukuna. Kin manta yayarmu Corinne? Ana yanke mata nono mijinta ya tattara sai Chicago!"

"Ɓoyon shekara biyu ne ya kashe Corinne, Yaya, ba tafiyar miji ba!"

Sati biyu Lenora tana juya maganar a ranta. In ta faɗa wa Alton, angon nata, tana tsoron ya gudu. In ta yi shiru, tana tsoron kabari. Ran Lahadi bayan an tashi coci, suna cikin motarsa, ta fashe da kuka ta faɗa masa komai.

Alton ya saki sitiyari ya juyo gare ta.

"Haba Nora! Ina ta surutun kalar kek, ke kina ɗauke da wannan?"

"Mama ta ce za ka gudu."

"In je ina? Ni da ko garin Jackson ba na kaiwa sai kin nuna mini hanya! Gobe sai asibiti."

Aka yi hoto, aka ɗebi tsoka aka gwada. Likita ta ce kansa ce, wato ciwon daji, amma ba ta bazu ba. "Da kun jira bikin nan, da wata maganar muke yi."

Aka ɗaga aure. Aka yi aiki, aka shiga magani, gashi ya zube. Kullum da safe Mama na bakin taga, tana jiran ranar da motar Alton ba za ta zo ba. Ranar ba ta zo ba. Da shekara ta zagayo aka sha biki.

Bayan bikin Mama ta ja Lenora gefe, ido ya kawo ruwa.

"Shekara tara asibiti na aiko mini takardar zuwa gwaji, ko ɗaya ban buɗe ba. Tsoro nake ji, 'yata."

"Ni ma na ji shi, Mama. Ɗauko jakarki."

To, 'yan mata, shiru ba ya korar cuta, lokaci kawai yake ba ta. Mai ƙaunarki da gaske kuwa, shi zai ja mota ya kai ki a duba.