Rumfar Iska ta Ƙasan Gada

Da hantsi rumfar take saukowa. Takan taho a hankali bisa siririn layin maganaɗisu da aka ɗaura a saman lunguna, ba ƙara ba hayaƙi, kamar kwalekwale a kan ruwan da ya yi barci. Inuwarta ce ke fara bin bangaye, sannan ƙamshin lawashi da daddawa ya biyo baya. Idan ta iso bakin famfo sai ta tsaya, ta ware fukafukanta, farantan tumatir da attaruhu da alayyafo su zuro har daidai ƙugun mutum, raɓa na naso a jikinsu.

"Ga cefane ya iso," in ji wata murya mai taushi daga cikinta.

Injiniya Barira, wadda ta ƙera ta, tana tsaye a gefe tana kallon mata suna fitowa da kwanduna. A wannan unguwa aka haife ta. Ƙasan Gada tsohuwar unguwa ce a tsakiyar birni, amma birnin ya daɗe da tsallake ta ya yi sama. Benayen gilashi sun kewaye ta, gadojin jiragen lantarki sun rufe mata sararin samaniya, har rana ba ta leƙo ta sai na ɗan lokaci. An rushe kasuwarta tun Barira na goye, aka kafa ginshiƙai a wurin. Kantuna suka koma hawa na sama, inda talaka ba ya ko tambayar farashi. Abin da ya rage wa mutanen ƙasa shi ne baje, wato tumatir mai shirin ruɓewa, da masu kanti suka tsince suka yar. Barira ta tashi a hannun gwaggonta, Uwale, wadda kan raba tumatir ɗaya gida biyu ta kife rabi a kasko saboda gobe.

Sirrin rumfar ba mai wuya ba ne. Kaya daga gona suke shigowa kai tsaye ta wani bututun iska da ke ƙarƙashin ƙasa, babu dillali a tsakani. Hasken rana da ake tarowa daga saman gadoji shi ke sanyaya cikinta, don haka ba abin da ke ruɓewa. Tana kuma da ƙwaƙwalwar na'ura, wadda Barira ta sa wa suna Ma'auna, mai lura da abin da kowane lungu ke ci, ta yadda ba a ɗauko abin da zai kwantai. Da asara ta fita, sai tsada ta bi ta.

Gwaggo Uwale ta iso tana dogara sanda. Ta ɗauki tumatir ɗaya, ta juya shi, ta shinshina.

"Uwata," ta ce, don sunan mahaifiyarta Barira ta ci, "wannan na gaske ne, ko na roba?"

"Na gaske ne, Gwaggo. Da asuba aka tsinko shi."

"Kuma a farashin da rumfar ta faɗa ɗin nan? Ba wani abu daga baya?"

"Babu, wallahi."

Tsohuwar ta cika bakin zanenta, ta juya da sauri don kada a ga idonta.

Shekarun da suka biyo baya kamar mafarki suke a wurin Barira. Lungunan da a da ba a jin komai sai warin kwata suka cika da ƙamshin suyar albasa. Kumatun yara suka ciko. Wata mata ta buɗe rumfar waina, wata ta kafa tukunyar dambu, har ma'aikatan benaye suka fara saukowa cin abincin rana, suna ɗaukar hoton rumfar tana shawagi a tsakanin tsofaffin soraye. Aka yi ta gayyatar Barira birni-birni ta yi bayani. Ta tafi, ta daɗe, tana zana sababbin layuka a kan allunan haske, tana ganin ranar da ba unguwar da za ta kwana da lami.

Ranar da ta dawo, ba ta gane lungunsu ba. An yi wa bangaye fenti, an dasa furanni a bakin famfo. A ƙofar gidan Gwaggo akwai makulli mai karanta tafin hannu. Wani matashi mai tabarau ya leƙo.

"Tsohuwar da ke nan? Ai sun tashi, Hajiya. Masu gidajen sun ƙara haya, kusan duk layin nan sababbi ne. Mu ma saboda rumfar muka dawo. Ina za ki samu tsakiyar gari da cefane mai sauƙi haka?"

Barira ta tsaya kamar an dasa ta. Ma'auna ba ta taɓa nuna mata matsala ba, domin ciniki bai ragu ba. Bakunan ne kawai suka canja, ita kuwa na'urar baki take ƙirgawa, ba fuska ba.

Ta bi kwatance har inda layin jirgi ya ƙare, ta hau keken haya, ta ƙarasa da ƙafa. Wurin fili ne fetal a bayan gari, an kafa ɗakunan langa-langa, suna kiransa Sabon Zama. Sama a buɗe take ƙwal, kuma daga nan benayen birni sun yi shuɗi-shuɗi kamar duwatsun wata ƙasa. Ta tarar da Gwaggo a gindin murhu tana kaɗa miyar kuka.

"Gwaggo, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kina can kina aikin alheri, in ɗaga miki hankali? Zauna, uwata, tuwo ya kusa."

Barira ta zauna a kan turmi. Ta taɓa agogon hannunta, taswirar haske ta tashi a iska tsakaninta da hayaƙin murhu, siraran layuka suna ƙyalli.

"Kin gani? Zan jawo layi daga tasha har ƙofar nan. Kafin damina rumfa za ta iso muku, wadda ta fi waccan girma."

Gwaggo ta kalli hasken yana rawa a kan tukunyarta. Ta yi murmushi, kamar mai kallon wasan yara.

"Abin da kyau, tubarkalla. Kuma Allah ya sani mun ci daɗinta, ban taɓa yi miki baƙin baki ba." Ta ajiye maburgi. "Amma mun zauna da matan nan, mun yi magana. Suka ce in kin zo in roƙe ki. Kada ki kawo mana ita."

"Gwaggo, yara fa? Dubi abin da kuke ci."

"Na gani. Sai dai in ta zo, masu takalmi za su biyo ta. Ni kuma ƙafata ba za ta iya wani tashin ba. Daga nan sai daji."

Barira ta sake duban taswirar. Ta san nauyin kowane ƙarfe da ke jikin rumfar, ta san yadda ake hana ganye yaushi, amma ba ta san yadda za ta gyara wuri ya zauna a hannun masu shi ba. Mata biyu sun tsaya a bakin darni, suna jiran amsarta.

Ta kashe taswirar. Gwaggo ta miƙo mata kwano, ta wanke hannu, suka ci tare.